Harbin da Ba na Fim Ba

Ranar Lahadi, bayan an gama karɓar baiko, fasto ya miƙa wa Kambai makirufo a cocin Tudun Citta. Kambai ya dafa benci ya miƙe. Ƙafafunsa na roba suka yi ƙas-ƙas a kan siminti, ƙarar da mutanen ƙauyen suka daɗe da sabawa da ita.

"Daga gobe za ku riƙa jin kamar harbi a wajen falalen dutse," in ji shi. "Kada kowa ya gudu. Nokawut ne irin na Kirsimeti. Fim za a yi. Ni na ba ku tabbaci."

Aka yi dariya, aka tafa masa. Maganar Kambai ba abar shakka ba ce a Tudun Citta.

Shekara tara ke nan da ya dawo gida. A da matuƙin jirgin yaƙi ne, yana aiki a arewa maso gabas. Wata safiya aka sami jirginsa da bindigar kakkaɓo jirage, ya ja igiyar kujera ta cilla shi waje, amma yana kusa da ƙasa ƙwarai, lemar saukarsa ba ta gama buɗewa ba ya sauka. Ƙasusuwan ƙafafunsa biyu suka ratattake. Yini ɗaya da rabi yana jan jiki da gwiwar hannu a cikin ƙaya kafin sojoji su tsince shi. Aka yanke duka biyun daga ƙasan gwiwa. Shekara guda ya yi yana koyon tafiya a kan na roba, yana faɗuwa yana tashi, har haƙorinsa na gaba ya guntule a bakin wata matattakala. Da aka sallame shi daga aiki sai ya komo gidan yayarsa Miriyam, wadda mijinta ya rasu, suka kama noman citta tare. Ƙafa ta tafi, amma kafaɗunsa da damatsansa suka cika kamar na maƙeri.

Chinyelu ce ta tono labarinsa. 'Yar wani makanikin jiragen ƙasa ce, a kwatas ɗin reluwe na Kafanchan aka haife ta, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Ta yi wata takwas tana zuwa tana yi masa tambayoyi, ta rubuta littafin tarihin rayuwarsa da Turanci. Kambai ya karanta rabi ya ajiye. Ya ce mutumin da ke cikin littafin ya fi shi jarumta, yana jin kunyarsa. Yanzu kuma ta zo da maganar fim, tare da mijinta Marcel mai riƙe kyamara, da wani malamin firamare daga Nok mai suna Nelson, wanda ya saba wasan kwaikwayo a coci. Shi zai fito a matsayin Kambai.

Nelson mutum ne mai surutu da son dariya. Tun ranar farko ya manne wa Kambai, yana kwaikwayon yadda yake magana, da yadda yake ɗaga kai ya dubi sama in ya ji ƙarar jirgi.

"Oga, da ka faɗo ƙasa me ka fara cewa? A takarda an rubuta wai ka ce ƙasarka ta fi ƙafarka."

"Wa ya rubuta?"

Nelson ya nuna Chinyelu da baki.

"Uwata na kira," in ji Kambai. "Kuma na jiƙa wandona."

Nelson ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Chinyelu ta ce ba za ta sa wannan a fim ba. Nelson ya ce shi dai in an zo wurin zai kira Mama, in ta ga dama ta yanke.

Kwana uku ana aiki lafiya. Falalen dutse yana gabas da ƙauye, shimfiɗaɗɗe, nan mata ke shanya citta. A ƙasansa akwai filin ƙwallon makaranta, can ake ɗaukar yawancin fim ɗin. An sami samari biyar na ƙauyen an naɗa musu rawani an ba su bindigogin katako, su ne abokan gaba. Da an kunna nokawut sai kaji su watse, mata su toshe kunne suna dariya. Zuwa rana ta uku ko kai ba a ɗagawa.

Marcel yana da ɗan ƙaramin jirgin ɗaukar hoto mai farfela huɗu, wanda ake ce wa duron. Sau biyu yana miƙa wa Kambai rimot ɗinsa, Kambai yana cewa shi ba ya wasan yara. A rana ta uku da yamma dai ya karɓa. Jirgin ya yi tangal-tangal, ya kusa shiga itacen ɗorawa, sannan ya daidaita. Kambai ya kai shi sama ya zagaya ƙauyen, yana kallon rufin gidaje a ɗan allon da ke jikin rimot ɗin. Sai da batir ya ƙare ya mayar.

Ranar Alhamis za a ɗauki faɗowar jirgin. Tun hantsi fili ya cika, mutum ya kai ɗari, har da waɗanda suka baro gona don kallo. Nelson yana kwance a tsakiyar fili cikin koriyar rigar matuƙa, an shimfiɗa farin ƙyalle a bayansa a matsayin lema, an zuba masa zoɓo da aka dama da sitaci a ƙafafu. Kambai yana kan falale a zaune bisa buhun citta, kusa da Marcel da Chinyelu. Ita tana riƙe da lasifikar hannu. Miriyam ta hau musu da kunu a jarka.

Marcel ya tayar da duron. Chinyelu ta ɗaga lasifika ta ce a fara. Aka kunna nokawut.

A cikin ƙarar nokawut ɗin Kambai ya ji wata ƙara. Gajeriya ce, busasshiya, uku a jere, daga wajen hanyar Godogodo.

"Chinyelu, kin aika wani can da nokawut?"

"A'a, Oga. Duk suna nan."

Sai ga babura sun ɓullo daga bayan makaranta, bakwai ko takwas, kowanne da mutum biyu, wasu uku. Fuskokinsu a naɗe. Mutanen da ke bakin fili suka matsa suka ba su hanya. Wata tsohuwa har ta yi guɗa. Ɗaya daga cikin samarin ƙauyen nan masu bindigar katako ya nufe su yana dariya, yana ɗaga tasa sama.

Na kan babur ɗin gaba ya harbe shi a fuska.

Saurayin ya faɗi ta baya. Aka ɗan yi jim, har wani ya fara tafi. Sai matar da ke kusa da gawar ta dubi zanenta, ta ga abin da ya fantsama a kai, ta ƙwalla ƙara.

Nelson ya ɗago daga kwance. Koriyar rigar nan ce ta ja idonsu. Mutum uku suka diro daga babura suka yi kansa. Ya durƙusa ya ɗaga hannuwa, bakinsa yana motsi, Kambai yana iya jiyo shi daga kan dutse.

"Fim ne! Ni ba soja ba ne! Ni tica ne, fim ne!"

Suka zuba masa harsashi a ciki da ƙirji. Ya kife a kan farin ƙyallen. Bai mutu nan take ba, yana ta shure-shure, sai ɗaya daga cikinsu ya zare adda ya ƙarasa shi.

Fili ya hargitse. Masu bindiga suka buɗe wuta a cikin jama'a. Kambai ya ga wani dattijo ya dafe wuyansa jini yana tsartuwa ta tsakanin yatsunsa. Ya ga wata mai goyo ta faɗi a kan gwiwa, ta tashi, ta sake faɗuwa. Harsasai suka fara zuwa kan falale suna ɓantarar dutse. Marcel ya ce "Yesu!" ya zube gefe, rimot ya suɓuce daga hannunsa. An same shi a kafaɗa, ƙashi ya leƙo fari.

"Ku kwanta!" Kambai ya daka tsawa. Ya gangaro daga kan buhu, ya jawo buhunan citta uku ya jera a gabansu. Chinyelu ta faɗa kan mijinta tana kiran sunansa. Miriyam ta warware ɗankwalinta ta cusa a cikin raunin ta danne da gwiwa.

Rimot yana nan a ƙasa, allonsa a kunne. Duron yana tsaye a sama inda Marcel ya bar shi. Kambai ya jawo rimot ɗin, ya goge jinin da ke kan allo da babban yatsa, ya tura jirgin sama.

Daga sama komai ya fito sarai. Mutane suna gudu yamma, duka, kamar ruwa ya sami gangare. Rafi suka nufa. Tun kaka da kakanni in an shiga tashin hankali a Tudun Citta rafi ake yi, a shige kurmi. Ya juya kyamara can. A bakin mashigin rafin, a bayan gora, ya ƙirga mutum shida a durƙushe da bindigogi, babura a jingine. Jira suke yi. Na cikin fili kora kawai suke yi.

Ya duba arewa. Babura biyu sun tare hanyar Godogodo. Ya duba kudu. Gonakin dawa ne, ba a girbe ba, karan ya fi mutum tsawo, sun miƙe har gindin tsauni inda kogunan duwatsu suke. Babu kowa a can.

"Yaya, ɗauki lasifikar nan."

"Hannuna na kan ciwon mutum, Kambai!"

"Chinyelu ta danne. Ke ɗauki. Ki faɗa musu da yare, kada ki yi Hausa. Ki ce akwai mutane a rafi. Su yi kudu, su shiga dawa, su hau tsauni."

"Kai ka faɗa mana."

"Ni na ce musu kada su gudu. Ba wanda zai ƙara jin tawa yau. Ke ce shugabar zumuntar mata, sun san muryarki."

Miriyam ta rarrafo ta ɗauki lasifika. Hannunta jina-jina. Ta ɗaga kai sama da buhu ta saki murya da yarensu, muryar da take ta da waƙa da ita a coci. Ta faɗa, ta maimaita, ta sake maimaitawa. Ta fara kiran mutane da sunayensu.

Kambai yana kallon allo. Na gaba-gaba, su wajen goma, ba su ji ba ko kuwa ba su yarda ba. Suka isa mashigin rafi. Ya ga hayaƙi yana fita daga bayan gora, ya ga suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, wani a cikin ruwa. Amma sauran sun tsaya cak a bayan coci. Wata mace mai jan zane ta juya kudu a guje, sai jama'a suka bi ta. Suka kutsa cikin dawa, ganye ya rufe su.

"Sun juya," in ji shi. "Ci gaba. Ki ce su rabu, kada su bi layi ɗaya."

Ya ciro wayarsa da hannu ɗaya ya kira wani hafsan soja da ya sani a Kafanchan. Ya yi magana yadda aka koya masa a da, ba gaggawa: sunan ƙauye, yawan mahara, inda suka tsaya, hanyar da aka tare. Hafsan ya ce suna tafe.

Masu bindigar ba sa jin yaren, amma sun gane daga inda muryar ke fitowa, kuma sun ga abin da ta jawo. Na cikin fili suka fara cinna wa gidaje wuta. Ɗaya daga cikinsu, wani dogo mai jan rawani, ya nuna falale da hannu. Babur guda ya ɓalle ya nufo su, mutum biyu a kai.

"Ya isa, Yaya. Ku ɗauki Marcel ku gangara ta baya. Akwai tsaga a dutsen nan da ta faɗa cikin gonar dawa."

"Kai fa?"

"Ni ba zan iya gangara tsagar nan da waɗannan ba, kin sani."

"To na goya ka. Ba yau na fara goyonka ba."

"Marcel ne ke zubar da jini. Ku biyu ma da ƙyar za ku kai shi. Tafi."

Chinyelu tana kuka. "Oga, ni na jawo wannan. Ni na kawo..."

"Madam, kama ƙafafunsa. In mun rayu ma yi wannan maganar."

Miriyam ta dube shi. Ta ɗora tafin hannunta mai jini a kan goshinsa kamar mai sa albarka, ta juya ta tallafi Marcel ta hammata. Suka ja shi suka ɓace a bayan dutse.

Babur ya kama hawan falale. Hanyar siririya ce, gefe ɗaya rami. Allo ya fara ƙyafta ja, batir ya kusa ƙarewa. Kambai ya kai duron can sama a bayan rana, yadda in sun ɗaga kai haske zai kashe musu ido. Ya saita shi da mai tuƙin. Ya jira har babur ya iso inda hanyar ta fi matsewa, sannan ya tura sandar rimot gaba har ƙarshe.

Fuskar mutumin ta cika allo, idanu biyu a tsakanin rawani. Allo ya yi baƙi.

Ya ɗago kai ya gani da idonsa. Farfelun sun shiga fuskar mai tuƙin, ya saki kan babur ya dafe idanunsa. Babur ya karkace ya tafi rami da shi. Kambai ya ji ƙarar ƙarfe a kan dutse, sau biyu, sannan shiru. Na baya ya riga ya diro. Ya mirgina, ya tashi yana ɗingishi, bindigarsa a hannu. Dogon nan ne mai jan rawani.

Kambai ya san buhu ba ya tsayar da harsashi daga kusa. Ya kuma san in mutumin ya zagaya bayan dutse zai hango mata biyu suna jan mai rauni. Sai ya dafa buhu ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannuwa.

"Kai ne mai lasifika?" in ji mutumin, yana haki.

"Ni ne."

"Muryar mace na ji."

"Tsoro ne ya sa ta zama haka."

Mutumin ya sauke bakin bindiga ya harbe shi a ƙwaurin dama. Ƙarfin harsashin ya kwashe ƙafar robar, Kambai ya faɗi ta gefe, kansa ya bugi dutse. Ya ƙwalla ihu ya rirriƙe gwiwa, ya yi ta birgima, yana karkatar da jiki don kada mutumin ya lura babu jini a wandon. Mutumin ya sake jan kunama, bindiga ta ce ƙyas. Harsashi ya ƙare. Ya rataye ta a kafaɗa ya zaro adda. A bakinta akwai jini da bai bushe ba.

Ya matso ya taka ƙafar hagun Kambai don ya danne shi. Sai ya ji abin da ya taka ba nama ba ne. Ya dubi ƙasa.

Kambai ya cafke idon sawunsa da hannu biyu ya fizga. Mutumin ya faɗo da baya, adda ta sauka a kan damtsen Kambai ta tsaga shi har kusa da ƙashi. Bai saki ba. Ya ja jiki ya haye kansa da gwiwar hannu, irin jan jikin da ya taɓa yi yini da rabi. Mutumin ya kai masa naushi a baki, ya cusa masa yatsa a ido, ya cije shi a kunne har ya ɓalle gefe. Kambai ya kama hannun da ke riƙe da adda ya murɗe shi a kan dutse har ya ji ƙas. Mutumin ya yi kururuwa. Rawanin ya warware.

Ba babba ba ne sosai, bai fi shekara talatin ba. Yana da tabon ƙuna a haɓa da ɗan siririn gashin baki. Numfashinsa yana warin taba.

Kambai ya sa masa hannu biyu a wuya. Mutumin ya yi ta dukan ƙirjinsa da hannun da ya rage, yana shure dutse da dugadugai. Idanunsa suka firfito, suka yi ja. Bakinsa yana ƙoƙarin faɗin wani abu. Kambai ya ƙara matsewa, ya ɗora duk nauyinsa, jinin damtsensa yana ɗiga a kan fuskar mutumin. Ya daɗe a haka. Har bayan da dukan ya tsaya bai saki ba, sai da yatsunsa suka sandare.

Ya mirgina gefe ya yi amai. Shekara shida ya yi yana sakin bama-bamai daga sama, bai taɓa sanin adadin waɗanda suka mutu a ƙarƙashinsa ba, bai kuma taɓa jin warin bakin ko ɗaya ba.

A ƙasa ƙauye yana ci da wuta. Yana jin rumbuna suna fashewa, awaki suna kuka a cikin garke. Ya ɗaure damtsensa da jan rawanin, ya ja da haƙori. Ya kwanta yana jiran wani daga cikin maharan ya hawo. Ba wanda ya hawo. Can sai ya ji wata irin bindiga mai nauyi daga wajen hanyar Godogodo, wadda ya san sautinta, sai kuma ƙarar babura suna tserewa ta rafi.

Mutum goma sha tara aka binne ranar Asabar a rami ɗaya a bayan coci. Tara a fili aka kashe su, takwas a mashigin rafi, biyu kuma tsofaffi ne da suka ƙone a ɗaka. Gawar Nelson an kai ta Nok. Waɗanda suka shiga dawa, su fiye da saba'in, ba wanda ya rasa ransa. Kambai bai je jana'izar ba, yana asibiti a Kafanchan, gadonsa kusa da na Marcel. Marcel ya rayu, amma hannun bai ƙara ɗaguwa sama da ƙirji ba. Dungulmin ƙafar Kambai na dama ya fashe sa'ad da harsashi ya fizge robar, aka sake yi masa aiki.

Chinyelu ta miƙa wa masu bincike duk abin da kyamarori suka ɗauka. Fim kuwa ta ce ta bar shi har abada.

Da ya koma ƙauye a kan keken guragu, mutane sun rabu biyu a kansa. Wasu suna zuwa gaishe shi da kaza da doya. Wasu in sun hango shi sai su sauya hanya. Wani mai suna Azariya, wanda matarsa da 'yarsa suka mutu a fili, ya tare shi a ƙofar coci.

"Matata ta ji harbin farko, ta ce mu tafi. Na ce mata Kambai ya ce kada a gudu."

"Na faɗa," in ji Kambai.

Azariya ya tofa masa yawu a fuska. Miriyam ta zabura, Kambai ya riƙe mata zane. Ya bar yawun a wurin har Azariya ya wuce, sannan ya goge.

Sai a watan Maris ya sake tsayawa a kan sababbin ƙafafu. Wurin da ya fara zuwa shi ne Nok. Ya hau bas zuwa Kwoi, ya hau babur, sauran kuma ya taka da sanda. Aka nuna masa gidan uwar Nelson, Afiniki. Ya same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa a faranti, 'yar ƙaramar tsohuwa mai furfura. Ya faɗi sunansa.

"Na san ka," in ji ta. "Ya cika mini kunne da labarinka. Har tafiyarka yana yi mini a nan, ina ce masa ya bari, ba kyau."

Ya gyara riƙon sandarsa.

"Kowa ya zo sai ya ce mini bai ji zafi ba, wai nan take ya tafi wurin Ubangiji," ta ce. "Ni na wanke shi. Na ga jikinsa. Kai kana wurin?"

"Ina wurin, Mama."

"Ka gani da idonka?"

"Na gani."

"To kai za ka gaya mini. Duka. Kada ka rage don ni tsohuwa ce."

Ta lura da yadda yake sauya tsayuwa daga wannan ƙafa zuwa waccan, gumi yana bin wuyansa. Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da tabarma ta shimfiɗa a inuwar mangwaro.

"Suna cin ka, ko? Cire su ka huta. Nan gida ne."

Kambai bai taɓa cire su a gaban baƙo ba. Ya zauna, ya naɗe wando, ya kwance ɗaya, ya kwance ɗayar, ya jingine su da itace. Safar dama ta jiƙe da jini kaɗan. Afiniki ta kawo ruwa a kwano da tsumma ta ajiye kusa da shi, ta jawo farantin gyaɗarta ta zauna a ɗaya gefen tabarmar.

Ya fara mata tun daga safiyar ranar, da Nelson ya sha kunu kofi biyu, ya ce zoɓon da za a zuba masa a ƙafa an yi asararsa, da an sa masa sukari da ya shanye. Ta ɗan yi murmushi. Da ya iso wurin baburan sai hannunta ya tsaya a cikin faranti. Bai rage komai ba.